Fischer Ya Ce Hadda Ta Kashe Wasan Ces, Amma Tarihinsa Bai Goyi Bayansa Ba

Cikin watan Yuni na shekarar 1996, a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, Bobby Fischer, Ba'amurken nan da ya taɓa riƙe kambin duniya na wasan ces, ya tara manema labarai ya gabatar musu da wani sabon salon wasa da ya ƙago. Hujjarsa ita ce tsohon wasan ya lalace, domin manyan 'yan wasa sun bar tunani a gaban allo, sai hadda kurum suke ɗaukowa daga gida su zo su zazzage, kamar ɗalibin da ya kwana yana cusa darasi saboda jarrabawar gobe. Maganin da ya kawo shi ne a bar jera manyan 'ya'yan wasa yadda aka gada, a riƙa jefa ƙuri'a kafin kowane wasa a kan inda kowanne zai tsaya. Ta haka ake samun hanyoyi 960 na fara wasa, waɗanda ba mahalukin da zai iya haddace su duka. Har ya mutu bai sauka daga kan wannan magana ba, kuma ta sami magoya baya cikin manyan gwanaye, har da Magnus Carlsen na ƙasar Norwe.

Magana ce mai daɗin ji, musamman ga wanda karatu ya gundura. Amma duk wanda ya bi wasannin da Fischer ya buga tsakanin 1956 da 1972 zai ga cewa babu shaidar da ta fi su rushe wannan da'awa. Mutumin da ya ce nazarin buɗin wasa hadda ce kawai, shi ne wanda ya fi kowa a zamaninsa nuna cewa ilmi ne mai zurfi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ana yinsa ne a kan allo mai gurbi 64. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16, watau sarki, da sarauniya, da hasumiya biyu, da giwa biyu, da doki biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Mai fararen 'ya'ya shi ke fara taku. Taku goma ko goma sha biyar na farko su ake kira buɗin wasa, kuma kowace hanya tana da sunanta, wata sunan ƙasa, wata sunan mutumin da ya shahara da ita. Kowane babban gwani, wanda shi ne muƙami mafi girma da hukumar wasan ta duniya, FIDE, ke bayarwa, yana da 'yan hanyoyin da ya dogara da su, kamar yadda kowane maƙeri yake da awartaki da masabar da hannunsa ya saba da su.

An haifi Fischer a Shikago ran 9 ga watan Maris 1943, ya tashi a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Yana ɗan shekara 6 ya koyi wasan tare da yayarsa. A 1956, yana da shekara 13, ya ka da Donald Byrne a wani wasa da ya sadaukar da sarauniyarsa a taku na 17, wasan da har yau ake koya wa yara. Yana shekara 14 ya zama zakaran Amurka, ya kuma ci wannan gasa sau takwas, duk lokacin da ya shiga. A ta 1963 zuwa 1964 ma wasa 11 ya buga ya cinye duka 11. A 1958, yana shekara 15, ya zama babban gwani, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa yi har zuwa lokacin. Da ya kai 16 sai ya bar makaranta. Wannan ba abin koyi ba ne, kuma rayuwarsa ta baya ta nuna abin da ya rasa. Amma fa bai bar karatu ba, domin har Rashanci ya koya gwargwadon da zai iya bin mujallun ces na Mosko.

Dalilin koyon Rashanci a fili yake. Tun daga 1948, sa'ad da Mikhail Botvinnik ya ɗauki kambin duniya, babu wanda ya riƙe shi sai ɗan Tarayyar Sobiyet: Botvinnik, da Smyslov, da Tal, da Petrosian, sa'an nan Boris Spassky. Gwamnatinsu ta ɗauki wasan a matsayin shaidar fifikon tsarin mulkinta, tana ba gwanaye albashi, tana haɗa su da masu horarwa, suna zama tare suna tankaɗe da rairayar wasannin abokan hamayya. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wanda zai tunkari irin wannan runduna shi kaɗai, hankali zai ba shi shawarar ya riƙa sauya hanya kullum don kada a san inda za a yi masa kwanto.

Fischer ya yi akasin haka. Fiye da shekara goma, in fararen 'ya'ya ke hannunsa, kusan kullum dakaren da ke gaban sarki yake turawa gurbi biyu. In abokin karawa ya mayar da irin wannan taku, sai ya shiga buɗin Sifen, wanda ake kira Ruy Lopez. In aka tare shi da kariyar Sisiliya, sai ya kai giwar ɓangaren sarki inda za ta auna raunin da ke kusa da sarkin baƙi, hanyar da yau ake haɗa sunansa da na Sozin a kanta. In kuwa baƙaƙe ke hannunsa, amsarsa ga dakaren sarki ita ce reshen Najdorf na kariyar Sisiliya, amsarsa ga dakaren sarauniya kuma yawanci kariyar Indiya ta sarki ce ko ta Grünfeld. Kusan iyakar kayan aikinsa ke nan, kuma duniya duka ta sani.

Ya kuwa biya kuɗin wannan taurin kai. A gasar fid da mai ƙalubalantar zakara ta 1959 a Yugoslabiya, Mikhail Tal ya ka da shi sau huɗu cikin wasa huɗu, sauran 'yan Sobiyet kuma suka gano cewa kariyar Caro-Kann tana ba shi wuya, suka yi ta maimaita masa ita. Reshen Winawer na kariyar Faransa ma ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Efim Geller, wanda ya fi kowa a Sobiyet zurfi a nazarin buɗin wasa, ya ka da shi sau biyar, shi kuma Fischer sau uku kaɗai ya rama. Abin lura shi ne yadda yake yi bayan an ka da shi. Ba ya watsar da hanyar, sai ya koma ya tona ta har ya gano inda ta yoye. A 1960 a Mar del Plata Spassky ya ka da shi da wani tsohon buɗi da ake kira tayin sarki, inda mai fari ke miƙa dakare ɗaya tun a taku na biyu. Fischer ya koma gida ya zauna a kansa, a 1961 ya buga maƙala yana nuna yadda za a tare shi, kuma har yau wannan kariya da sunansa ake kiranta. Mai hadda ba ya yin haka, domin shi abin da wani ya rubuta yake jira.

Misalin da ya fi kowanne fito da maganar fili shi ne na gasar ƙasashe ta 1966 a Habana, babban birnin Kyuba. Akwai wani reshe na buɗin Sifen inda mai fari ke ba da giwarsa ya ɗauki dokin baƙi tun a taku na huɗu. Emanuel Lasker ya taɓa ka da Capablanca da shi a 1914, amma daga baya masana suka yanke cewa ba shi da dafi, kunnen doki kawai yake haifarwa, aka jingine shi. Fischer ya tono shi, ya ɗauki wani gyara da wani ɗan Holan mai suna Barendregt ya riga ya gwada, watau kawar da sarki zuwa lungu a taku na biyar, ya ka da Portisch da Gligoric da Jimenez da shi a gasa guda.

To, mene ne sirrin wannan reshe? Sa'ad da baƙi ya rama cin dokinsa, dakarunsa biyu sukan hau layi ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya, a ɓangaren sarauniya. In aka yi musayar dakarun tsakiya, fari yakan tashi da dakaru huɗu lafiyayyu a gaban uku a ɓangaren sarki, baƙi kuma da huɗu a gaban uku a ɗaya ɓangaren, amma nasa biyu sun tokare juna. Ma'ana, in aka share manyan 'ya'ya daga kan allo, fari zai iya fitar da dakare ɗaya ya wuce har ƙarshen allo ya zama sarauniya, baƙi kuwa ba zai iya ba. Abin da baƙi ya samu a madadin haka shi ne giwaye biyu, waɗanda ke da ƙarfi muddin fili yana buɗe. Ashe ke nan wanda ya yi taku na huɗu yana hangen taku na hamsin ne. Wannan ba abu ne da ake haddacewa ba. Ko mutum ya fahimci abin da ya sa, ko kuwa ya riƙe jerin taku goma a ka, ya tsaya cirko-cirko a na goma sha ɗaya.

Haka nan reshen da ake kira dakare mai guba cikin Najdorf, inda baƙi ke fitar da sarauniyarsa a taku na bakwai ta tafi can lungun fari ta cinye dakare ɗaya, alhali sauran 'ya'yansa suna kwance a gida. Kowane malamin ces yana hana yara wannan kwaɗayi. Fischer ya shekara goma yana yinsa a gaban manyan duniya, suna zuwa da tarkon da suka ɗana a gida, yana tsallakewa.

Shekarun 1960 sun tafi masa cikin rigima. Bayan ya zo na huɗu a tsibirin Curacao a 1962, ya zargi 'yan Sobiyet da haɗa baki suna yin kunnen doki a tsakaninsu, har FIDE ta sauya tsarin gasar zuwa karawar mutum biyu biyu. A 1967 a Sousse ta ƙasar Tunisiya yana kan gaba ya tattara ya bar gasar saboda saɓani da masu shirya ta. Sai a 1970 ya dawo da gaske, ya ci gasar Palma de Mallorca da maki 18 da rabi cikin 23. A 1971 ya ka da Mark Taimanov 6 da babu, ya ka da Bent Larsen na Denmak 6 da babu, abin da ba a taɓa gani ba a wannan mataki. Taimanov ya koma gida hukuma ta hukunta shi, ta hana shi fita waje, domin ta kasa yarda cewa da gaskiya aka yi masa haka.

Karawar da ta biyo baya, da Tigran Petrosian a Buenos Aires, tana da wani darasi da masu kukan hadda ba su cika ambata ba. A wasan farko Petrosian ne ya zo da sabon taku da aka tanadar masa daga gida, a taku na 11, kuma ya sami matsayi mai kyau. Duk da haka Fischer ne ya ci wasan. A wasa na bakwai kuma ya ba da dokinsa da ya kafu a wuri mai kyau ya ɗauki wata giwar Petrosian da kowa ke ganin ba ta da amfani, manyan gwanayen da ke kallo suka ɗauka kuskure ne, sai bayan 'yan taku suka ga hasumiyoyinsa sun kutsa. An tashi 6 da rabi da 2 da rabi.

Daga nan sai Rekyabik, babban birnin Aisilan, a 1972. Kafin wannan karawa Fischer bai taɓa ka da Spassky ba: sun haɗu sau biyar, Spassky ya ci uku, biyu kunnen doki. Spassky ya zo da mataimaka, cikinsu har da Geller ɗin nan. Fischer kuwa ya yi ta jan ƙafa a kan kuɗi, sai da wani attajirin Ingila, James Slater, ya ninka ladan daga dala dubu 125 zuwa dubu 250, Henry Kissinger kuma ya buga masa waya, sa'an nan ya hau jirgi. Ya faɗi wasan farko, ya ƙi zuwa na biyu saboda na'urorin ɗaukar hoto, aka ba Spassky makin. Spassky, don kirkinsa, ya yarda a buga na uku a wani ƙaramin ɗaki a bayan dandali. A nan Fischer ya ɗauki kariyar Benoni, a taku na 11 ya kai dokinsa bakin allo, ya bari aka lalata masa jerin dakarun da ke kare sarkinsa, don ya sami fili ga sauran 'ya'yansa. Ya ci, karo na farko a rayuwarsa.

A wasa na huɗu ya fito da hanyarsa ta Sozin, ya tarar an shirya masa, da ƙyar ya sha da kunnen doki. Bai sake taɓa ta ba har aka gama. Ran 23 ga watan Yuli, a wasa na shida, sai ya bar dakaren sarki a wurinsa ya tura na gaban giwar sarauniya, wasan ya gangara zuwa tayin sarauniya, hanyar da bai saba bi da fararen 'ya'ya ba, kuma gidan Spassky ce, domin a reshen Tartakower da ya zaɓa ba a taɓa ka da shi ba. Fischer ya buga wasan da tsabta har ya kai Spassky kansa ya bi 'yan kallo yana tafi. A na 13 ya ɗauki kariyar Alekhine ya ci, a na 17 ya gwada ta Pirc. Ran 1 ga watan Satumba Spassky ya sallama wasa na 21 ta waya, aka tashi 12 da rabi da 8 da rabi.

Mutane da yawa sukan karanta wannan labari su ce ai ga shi nan, ba-zata ce ta ci, ya tsere wa haddar Rashawa. Wannan rabin gaskiya ne. Ba-zata tana aiki ne in mai yinta ya san sabuwar hanyar kamar yadda ya san tsohuwar, in ba haka ba ya bar gidansa ne ya shiga na wani a makance. Fischer ya iya zama a gidan Spassky domin ya daɗe yana karanta wasannin da ba ya bugawa, ya kuma fara gwada wasu hanyoyin jefi-jefi tun 1970. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bugu da ƙari, shekarun da ya yi a kan hanya ɗaya su suka sa mataimakan Spassky suka zuba yawancin ƙarfinsu a wuri guda. Wani abin sha'awa kuma, takun da Fischer ya yi na 14 a wasa na shida ba nasa ba ne, Semyon Furman ya riga ya yi wa Geller shi a 1970. Geller ya gano maganinsa, an kuma ruwaito cewa ya nuna wa Spassky, amma Spassky bai yi amfani da shi ba. A 1973 Geller da kansa ya buga maganin ya ka da Jan Timman na Holan. Watau amsar tana cikin jakar 'yan Sobiyet a ranar, amma ba ta zauna a kan wanda ke gaban allo ba.

Adalci ya wajabta a faɗi inda kukan Fischer yake da tushe. A wasa na 11 Spassky ya mayar da dokinsa gida a taku na 14, sarauniyar Fischer ta maƙale a lungu, dakare mai guba ya kashe mai cinsa, karo ɗaya tak a duk rayuwarsa ta wasa. Tun kuma da kwamfutar Deep Blue ta ka da Garry Kasparov a 1997, shirin gida ya sauya kama. Yau gwani yakan zo da taku ashirin ko fiye da na'ura ta tace masa, wani wasan ma a tashi kunnen doki ba wanda ya yi gumi. Wannan abin ƙi ne, kuma salon da Fischer ya ƙago yana da amfani a matsayin ƙanen tsohon wasan.

Amma a duba waɗanda ke cin sabon salon. Gasar duniya ta farko da FIDE ta amince da ita, a 2019, Wesley So ne ya ci, bayan ya ka da Carlsen. Ta 2022, wadda aka yi a Rekyabik, Hikaru Nakamura ya ɗauka. Dukansu manyan gwanayen tsohon wasan ne, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan nazarin buɗi. Da a ce hadda ce kaɗai ta ɗaga su, da ranar da aka hargitsa jerin 'ya'yan an ga wasu baƙin fuskoki a sama. Ba a gani ba, domin abin da shekarun nazari suka bar musu shi ne sanin inda doki ke jin daɗin tsayawa, da lokacin da giwa ta fi shi, da irin jerin dakarun da ke cin wasa a ƙarshe, kuma wannan sani yana bin mai shi ko ta ina aka fara.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan ilmi ya juya masa baya? Tarihin shekarunsa na baya yana ba da haske. Bayan Rekyabik bai sake buga wasan gasa ba har shekara 20. A 1975 ya gindaya wa FIDE sharuɗɗa: sai wanda ya fara cin wasa 10, ba a lissafa kunnen doki, in kuma aka kai 9 da 9 zakara ya riƙe kambinsa. Hukumar ta karɓi na farko ta ƙi na ƙarshe, ya ƙi bugawa, aka naɗa Anatoly Karpov ba tare da an taɓa allo ba. A 1992 ya sake karawa da Spassky a Sveti Stefan da Belgired, a kan ladan dala miliyan 5, ya ci 10, ya faɗi 5, aka yi kunnen doki 15. Wasan farko da dakaren sarki ya buɗe shi, ya shiga buɗin Sifen kamar dā, ya kuma buga shi da kyau ƙwarai. Sai dai masana sun lura cewa iliminsa na buɗi ya tsaya inda ya bar shi, duniya kuwa ta yi gaba da shekara 20. Wanda ya saba shi ke gaban kowa a karatu, ya waiwaya ya ga yara sun wuce shi, ba abin mamaki ba ne in ya ce karatun ne ya lalace.

Wannan karawa ta 1992 ta saɓa wa takunkumin da aka sa wa Yugoslabiya, saboda haka gwamnatin Amurka ta ba da sammacin kama shi, bai kuma sake taka ƙasarsa ba. Ya yi ta yawo tsakanin Hangare da Filifin da Jafan, yana furta munanan kalaman ƙiyayya ga Yahudawa da ƙasar haihuwarsa a gidajen rediyo, kalaman da suka zubar masa da mutunci a idon masoyansa da yawa. A 2004 aka tsare shi a Jafan, a 2005 majalisar Aisilan ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ya koma Rekyabik, inda ya mutu ran 17 ga watan Janairu 2008 yana da shekara 64. Spassky ya bi shi a watan Fabrairu 2025.